Goran Kawu Tamba

Duk faɗin Jihar Kebbi babu ma'aikacin gwamnatin da ya kai Malam Labbo riƙon al'adar iyaye da kakanni. Wannan ba abin gardama ba ne, domin shi da bakinsa ya sha faɗa, kuma mutum ne mai digiri biyu, ba ya magana sai da hujja.

Hujjar tana falonsa a unguwar Gesse. Labbo mataimakin darakta ne a sashen tsare-tsare na wata ma'aikata a Birnin Kebbi. Yana fita bakwai da rabi, ba ya dawowa sai an yi isha'i, kuma da wuya wata ya ƙare bai je taron bita a Abuja ko Kaduna ba. Duk tafiyar da ya yi sai ya dawo da guntun al'ada a bayan mota: tukunyar ƙasa daga bakin titi, faifai mai ado, kalangun da ba a taɓa kaɗawa ba, fartanyar da bakinta bai san ƙasa ba. Matarsa Laure ce ke goge su ranar Asabar. Ranar Juma'a kuma yakan tura dogon saƙo a zauren waya na Kabawa ma'aikata, inda yake sakatare, kan yadda 'yan zamani suka yi watsi da gado. Yawanci a tsakiyar taro yake rubuta saƙon, waya a ƙarƙashin tebur.

A Argungu aka haife shi, kuma marigayiya mahaifiyarsa 'yar masunta ce gaba da baya. Yana shekara goma sha ɗaya aka kai shi makarantar kwana, tun daga nan ruwan da ya fi sani shi ne na bokiti. Bai iya iyo ba. Ba wanda ya taɓa tambayarsa, shi kuma bai ga dalilin ɗora wa mutane labarin da ba su nema ba.

Sarkin kayan falon shi ne gora. Goran kamun kifi ne, irin wanda masunci ke kifa cikinsa a kan bakinsa ya yi ta yawo bisa ruwa, in ya kama kifi ya jefa a ciki. Sai mutum ya buɗe hannu biyu kafin ya rungume rabinsa. Na Kawu Tamba ne, ƙanen mahaifiyar Labbo, wanda ya fi shekara ashirin yana shiga ruwa da shi. Shekara biyu da suka wuce Labbo ya je Argungu gaisuwa, ya tarar da tsohon a kwance gwiwa ta kumbura, goran kuma a rataye a zaure.

"Kawu, ƙwari za su cinye shi a nan," in ji Labbo. "Bari in ajiye maka shi a gidana."

"To, ajiya ta," in ji Kawu. "Ran da ƙahwa ta sake ni, ina aikowa."

Labbo ya dubi gwiwar, ya dubi furfurar, kuma a matsayinsa na masanin tsare-tsare ya yi hasashen cewa wannan rana ba ta cikin kasafi. Mako bai zagayo ba ya kira mai gyaran wuta. Aka huda gindin goran wuri uku kusa da juna, kamar duwatsun murhu: rami ɗaya na waya, biyu na kusoshin da za su riƙe shi a bango. Aka sa masa ƙwan lantarki mai launin zuma a ciki, aka shafe bayansa da man ƙyalli irin na kujeru. In aka kunna, duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya ya kalla, shi kuma Labbo sai ya tsaya kusa ya yi bayanin yadda kakanninsa suke kama giwan ruwa da hannu.

Wata Lahadi da la'asar, saura kwana goma sha uku bikin kamun kifi, wayarsa ta yi ƙara. Lambar Hammadu ce, babban ɗan Kawu, amma muryar ta tsohon ce.

"Labbo, kana lahiya? Ya aiki? Ya iyali?"

"Lafiya lau, Kawu. Ya ƙafa?"

"Ita na kira in ba ka labari. Ta sake ni. Jiya na taka har bakin gulbi na dawo, ba sanda. Bana ina shiga ruwa in Allah ya so. Ka aiko mini da gorana."

Labbo ya ɗaga kai. Goran yana bango, a kunne, yana haska hoton ranar da ya karɓi digiri na biyu.

"Madalla, Kawu," ya ce. "Madalla."

Sai Hammadu ya karɓi wayar. Su biyu taubasai ne, ba su taɓa yin magana ba tare da tsokana ba.

"Ɗan boko, ka ji dai? Ni ban so ba. Mutum ya haura sittin da biyar, mi ya rage mishi cikin ruwa? Amma mun yi da shi gaban Inna. In ƙahwar ta riƙe shi cikin ruwa ko sau guda, ya gama, ya miƙo homa." Homa ita ce ragar hannu ta masunta, kuma a gidan su Kawu ba a miƙa ta sai in mutum ya yi bankwana da gulbi. "Ka aiko da shi da wuri. Shina son ya gwada shi kwana uku kahin ranar. In ba ka san hanyar Argungu ba ka ba direban tasha."

"Na san hanya tun ba a haife ka ba."

"Ta cikin taswira."

Da ya ajiye wayar, Laure tana tsaye a ƙofar falo da tire a hannu. Ta ji komai.

"Baban Kausar, ka kira shi ka faɗa masa."

"In faɗa masa me?"

"Ka huda goran mutane ka sa masa ƙwai."

"Ke ba ki gane ba. Ba haka ake yi wa manya magana ba. Abu ne da ke son tsari."

"Masunta ne fa. Kullum goransu na fashewa suna gyarawa. Ka ba shi yau, kafin Laraba ya toshe abinsa."

Gaskiya ta faɗa, kuma ya sani. Amma da ya yi tunanin jimlar da zai fara da ita, sai ya rasa ta inda zai kama. Zai ce wa mutumin da ya goya shi a kafaɗa ya tsallakar da shi gulbi ranar da za a kai shi makaranta, cewa ya dubi gwiwarsa ya yanke hukuncin ba zai sake tashi ba? Ramukan ba komai ba ne. Abin da ramukan suke faɗa shi ne matsalar. Ga kuma Hammadu, wanda zai ɗauki labarin fitilar ya zagaya da shi Argungu unguwa-unguwa har ya iso zauren waya na Kabawa ma'aikata.

Ya tashi ya kashe fitilar. Wannan shi ne matakin farko na tsarin.

Ranar Litinin da azahar ya saci sa'a guda daga ofis ya shiga kasuwa, layin masu ƙorai. Ya yi wa wani dattijo kwatance da hannu biyu. Dattijon ya nuna masa gorunan fura da na nono, babu wanda ya wuce kan mutum.

"Alhaji, wanga irin da kake nema ba ya zuwa kasuwa," in ji shi. "Masunta ke sa a noma musu. In za ka tahi Argungu, ka tambayi wani tsoho ana ce mishi Tamba. Shi ya san inda ake samu."

Labbo ya yi godiya ya fito.

Ranar Talata ya sa goran a bayan mota, ya lulluɓe shi da zanen gado, ya kai wa Maliki kafinta, wanda ya yi masa kujerun falo. Maliki ya dubi ramukan ya yi murmushin mai sana'a.

"Wannan ai ba aiki ba ne, Oga. Garin katako da gam, in cike, in goge, in shafa mai. Ko kai ba za ka gane wurin ba."

"Zai riƙe?"

"Ko ruwan sama ya dake shi ba abin da zai yi."

Labbo bai ce masa gulbi za a shiga da shi ba, bai ce ƙaton mutum zai kwanta a kai na sa'a guda ba. An ambaci ruwa, an ce ba abin da zai yi, kuma a aikin gwamnati ya koyi cewa in ka samu amsar da kake so, ba ka ƙara tambaya. Da ya koma ɗauka, ya juya goran ya juya, da ƙyar ya gano wurin. Ya ji wani alfahari, kamar shi ya yi aikin.

Saura a kai shi. A nan ne aiki ya yi masa rana. Laraba da Alhamis ana kare kasafin sashe, Juma'a Darakta ya riƙe su har magariba. Lahadi ya tashi Abuja, taron kwana uku kan raya yawon buɗe ido, inda ya gabatar da takarda aka yi masa tafi. Hammadu ya kira sau huɗu. Duk kiran sai Labbo ya tura saƙo: "Ina cikin taro." Kuma kowane lokaci da gaske yana cikin taro, abin da ya ba shi natsuwa ke nan. Tashar motar Argungu ba ta kai minti goma daga ofishinsa ba. Bai taɓa zama ya ce wa kansa yana jinkiri ne don kada tsohon ya samu kwana uku na dubawa ba. Irin wannan magana mutum ba ya faɗa wa kansa, yinta kawai yake yi.

Ranar da ya dawo, Darakta ya sanar cewa sashe zai je bikin ranar Asabar a bas ɗin ma'aikata, kuma tun da Allah ya ba su ɗan gida, Malam Labbo ne jagora.

"Za mu ga ka shiga ruwa ke nan," in ji Sirajo, abokin aikinsa, wanda teburinsa ke fuskantar nasa shekara tara, kuma bai taɓa yarda da rabin abin da Labbo ke faɗa ba.

"A gidanmu ba a shiga biyu rana ɗaya in babba zai shiga," in ji Labbo. Wannan al'ada a nan take aka haife ta, amma ta fito da kamannin tsufa. "Kawuna zai shiga. Bai taɓa fitowa hannu banza ba."

Ranar Asabar suka tashi da sassafe, su goma sha huɗu, goran a kujerar gaba an ɗaura masa bel. Daga Zauro, inda fadamun shinkafa suka yi kore shar, har suka wuce Ambursa, Labbo yana tsaye yana riƙe da ƙarfen bas yana bayani. Ya yi maganar homa, ya yi maganar giwan ruwa, ya yi maganar yadda masunci ke sanin kifi daga motsin ruwa. Duk ramin da bas ta faɗa sai ya waiwaya ya dubi kujerar gaba.

Sun tarar da Kawu Tamba zaune a ƙofar zaure, gajeren wando da tsohuwar riga, homa biyu jingine da bango. Ya rame, amma da ya miƙe tsaye bai dafa komai ba. Hammadu yana gefe.

"Ɗan boko ya iso. Kwana uku na ce, ka kawo shi saura sa'a uku. Ko haka kuke lissahi a gwamnati?"

"Bar shi, aiki gare shi," in ji Kawu.

Labbo ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa goran. Tsohon ya karɓa da hannu biyu kamar an miƙo masa jariri. Ya shiga da shi zaure, Labbo ya bi shi, suka zama su biyu. Kawu ya shafa bayan goran, ya kanne ido, don ganinsa ya ragu.

"Ka yi mishi kwalliya."

"Don ƙwari ne, Kawu."

Tsohon ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya kara kunne. Ya sake ƙwanƙwasawa ta wani gefen.

"Muryarshi ta sake."

Daga waje ana jin 'yan ofis suna dariya da Hammadu. Labbo ya buɗe baki. Jimlar tana nan a shirye, gajeriya ce, kuma ko a lokacin akwai gora na aro a kowane gida na unguwar. Sai Sirajo ya leƙo da waya a hannu.

"Baba, a ba mu hoto da goran tarihi."

"Man da aka shafa ne, Kawu," in ji Labbo da sauri. "Shi ke canja sauti."

"To," in ji Kawu. "Kai ka sani, kai ka yi karatu."

Aka yi hoto. Labbo ya fito a tsakiya.

Kafin hantsi bakin gulbin Matan Fada ya cika har ba masaka tsinke. Kawu ba ya shiga ta gaban rumfar manyan baƙi. Shi da abokinsa Usmanu, wani baƙin tsoho mai bakin tsiya, suna da wurinsu can ƙasa, inda ruwa ya fi zurfi, kuma can Labbo ya kai mutanensa suka tsaya a kan gaɓa. Aka harba bindiga. Dubban mutane suka kwasa da gudu, goruna a ka, homa a buɗe kamar fikafikai, makaɗa a cikin jirage suna zuga su. Kawu bai yi gudu ba. Ya taka a hankali har ruwa ya kai masa ƙirji, ya kifa cikinsa a bakin goran, ya tura da ƙafa, sai ga shi yana tafiya bisa ruwa kamar an ja shi da zare.

A cikin wannan taro da wuya ka bi mutum ɗaya da ido. Amma duk gulbin gora ɗaya ne ke ƙyalli, rana tana dukansa yana walƙiya, saboda haka 'yan ofis ba su sha wahala ba. Sirajo ya saita wayarsa a kansa.

"Ka ga gwaninta," in ji wata daga cikinsu. "Malam Labbo, ashe da gaske kake."

Labbo ya gyaɗa kai. Yana duban agogo. Minti goma, goran na nan. Minti goma sha biyar, Kawu ya jefa kifi biyu a ciki. Labbo ya fara yi wa Maliki addu'a a zuci, har ya fara tunanin saƙon Juma'a mai zuwa.

Wajen minti ashirin ya ga ƙyallin ya ragu. Ba rana ce ta ɓuya ba. Goran ne ya zauna cikin ruwa fiye da ɗazu, kamar da faɗin yatsa huɗu. A duk mutanen da ke kan gaɓar nan shi kaɗai ya san abin da yake kallo. Yana iya ɗaga hannu, yana iya kiran jirgin masu ceto da ke kusa. Ya duba gefensa, ya ga Darakta yana cin gyaɗa. Ya ce a ransa watakila nauyin kifi ne.

A daidai lokacin ruwa ya yamutse tsakanin Kawu da Usmanu. Wani baƙin baya ya ɓullo ya nutse. Tsofaffin biyu suka rufa masa, Kawu ya haɗe homarsa biyu a kansa, igiyoyin wuyansa suka miƙe. Mutanen gaɓa suka ɗauki sowa. Kifin ya ja, Kawu ya danna cikinsa a kan goran don ya samu abin dogara, sai goran ya tafi ƙasa gaba ɗaya, shiru, ba ko kumfa.

Kan tsohon ya nutse ya fito. Hannu ɗaya na riƙe da homa da kifin a ciki, ɗaya na riƙe da bakin goran da ya cika da ruwa yana jan sa ƙasa. Ba a riƙe biyun. Ya buɗe homar, kifin ya tafi. Ya sake nutsewa. Jirgin ceto ya iso, wani ƙato ya sunkuya ya kamo shi ta ƙugun wando ya jefa shi cikin jirgi, sannan su biyu suka jawo goran suka zubar da ruwan. Aka yi dariya daga gaɓa, irin wadda taro ke yi in an tabbatar ba a mutu ba.

Labbo ya gangara, takalminsa na ofis yana nutsewa cikin laka. Yana kallo tun jirgin bai iso ba, Kawu ya jawo goran kan cinyarsa, ya zura hannu ƙarƙashinsa ya lalaba. Hannun ya tsaya a wuri ɗaya, ya daɗe. Da aka sauke shi, ya ɗauki goran da kansa, ya dasa gindinsa cikin laka, ya zauna a kan bakinsa yana tari.

Hammadu ya fito daga ruwa da gudu, ya yar da homarsa.

"Baba, mi ya faru?"

Kawu ya gama tarinsa. Ya dubi Labbo, ya dubi mutum goma sha uku da ke bayansa da wayoyi da hulunan rana.

"Ƙahwa ta," ya ce. "Ta riƙe. Na karkata, ruwa ya shiga ta baki."

Usmanu ya iso yana huci, ruwa na zuba daga gemunsa.

"Ƙahwa ko shekaru? Shekara arba'in muna shiga tare, ban taɓa ganin an ɗauko Tamba ta wando kamar ɗan akuya ba. Kifin nan ya kai rago, ka sake shi ya tahi ya ba 'yan uwanshi labari."

"Ya gaishe ka," in ji Kawu.

"Kawu, ni..." in ji Labbo.

"Ka samo wa baƙinka inuwa. Rana ta yi."

Sirajo ya matso ya durƙusa, ya sa wayarsa a aljihu. Duk tsokanar ta bar fuskarsa.

"Baba, ai ka yi ƙoƙari. A shekarunka ko shiga ma abin yabo ne. Hoton nan ba zan tura wa kowa ba."

Kawu ya ce ya gode. Labbo ya ga yadda maganar ta shige shi, ta fi ta Usmanu zafi.

A gida Inna, matar Kawu, ta riga ta dafa wa baƙi tuwon shinkafa da miyar kifi. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure, 'yan ofis suka zauna suna ci suna yaba al'ada. Loma biyu kawai Labbo ya kai. Ya tashi kamar zai wanke hannu, ya zagaya bayan ɗaki. Kawu na zaune a gindin rumbu, ya sake riga, goran a kife a gabansa. Garin katakon ya narke ya fita tas. Ramuka uku suna kallon sama. Tsohon ya sa ɗan ƙaramin yatsansa a cikin ɗaya.

"Wanga ba aikin ƙwaro ba na," ya ce, bai ɗago ba. "Ƙwaro bai iya zagaye haka."

Labbo ya durƙusa. Bai san lokacin da ya cire hularsa ba.

"Fitila na sa a ciki, Kawu. Na rataye shi a falo."

"Fitila." Tsohon ya juya kalmar a baki. "Tana haske?"

"Tana yi."

"To madalla." Ya zare yatsan daga ramin. "Da ka aiko shi haka da ramukanshi, aikin yini biyu na. Ko Inna ta iya."

"Bari in je in faɗa wa Hammadu. Ƙafarka lafiya lau take. Bai kamata..."

"Ka faɗa mishi mi? Mutanen ofis ɗinka cike da zaure, mai gidanka na cin tuwo. In Hammadu ya ji, ba wasan taubashi za shi yi maka ba. Kuma gobe in na mutu, ku biyu za ku ɗauke ni, ba na son ɗaya na gaba ɗaya na waje." Ya goge yatsan a rigarsa. "Na riga na faɗa gaban mutane. Tsoho ba ya magana biyu rana ɗaya. Sa hularka."

Labbo ya sa hular. Abin da ya ji a ƙirjinsa a lokacin, kafin komai, sanyi ne, irin na wanda aka ce masa an ɗage ranar bincike. Ya gane sanyin, ya san sunansa, kuma kunyarsa ta fi ta ramukan. Daga inda yake zuwa zaure taku goma ne. Ba wanda ya riƙe shi. Ya ci gaba da durƙuso.

Suka ji tafiya. Kawu ya juya goran da sauri irin na masu ƙarfi, ya tura shi ƙarƙashin rumbu, gindinsa a ƙasa. Hammadu ne, Inna na biye da shi. Bai ko tsokani Labbo ba.

"Baba, alkawari."

"Na sani."

Homar biyu suna shanye a kan danga, ba su gama bushewa ba. Kawu ya miƙe ya ɗauko su, ya cire wata 'yar ciyawa da ta maƙale a ragar, ya naɗe su yadda ake naɗewa, ya miƙa wa ɗansa. Hammadu ya karɓa yana kallon ƙasa. Inna ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ta koma madafa.

Daga waje direban bas ya danna oda.

"Tashi, baƙinka za su tahi," in ji Kawu. "Bari in raka su."

Ya wuce gaba. Daga gindin rumbu zuwa kusurwar ɗaki ya taka garau. Da ya zo inda za a iya ganinsa daga zaure, sai ya dafa bango, ya fara ɗingishi, yana jan ƙafar da ta warke.